Bagaruwar Tungar Majema

Wuri arba'in da ɗaya Malam Shamsuddeen ya ja wa jan biro a cikin aikina, kuma duk kalma ɗaya ce. A gaban teburinsa na tsaya na ƙirga su, don ni idan raina ya ɓaci sai na san iyakar ɓarnar kafin in buɗe baki. Wata huɗu ina fama da wannan aiki. Da safe ina koyar da 'yan mata a sakandare, da rana in hau keke napep zuwa kwalejin da nake ƙaro karatu, ranar Asabar kuma in bi bayan garin Kaura da almakashi da tsofaffin jaridu ina yanko rassan itatuwa masu ƙaya. Aikin kammala karatuna ke nan: in tattaro su, in busar, in manna kowanne a takarda, in rubuta sunansa na kimiyya da na Hausa. Babu yatsana ko ɗaya da ƙaya ba ta sha jininsa ba.

Na ce, "Malam, me Acacia ta yi maka ka bi ta da biro haka?"

Ya yi dariya ya nuna mini kujera. Shi ne mai duba aikina, mutum ne mai sanyin hali, irin wanda ko faɗa kake so ba ka samu a wurinsa. Ya ce littafin da na kwafo sunayen daga ciki ya tsufa. Da can, duk itatuwan nan namu masu ƙaya da ke yin kwanso irin na wake, da bagaruwa da farar ƙaya da dushe da dakwara, sunan gida ɗaya ake ba su, Acacia. Tsohon suna ne daga Girkanci, ana danganta shi da kalmarsu ta ƙaya, kuma wani likitansu na zamanin da ya yi amfani da shi ga bagaruwar Masar. Daga baya masana suka gano ba zuriya ɗaya ba ce, dole a raba gida. Sai ga shi Ostareliya tana da wajen iri dubu da ake kira da sunan, mafi yawansu ma ba su da ƙaya. Aka yi babban taro a 2005, aka sake wani a 2011, aka bar musu sunan.

Ya ce, "Namu sai aka raba su. Masu miƙaƙƙiyar ƙaya biyu-biyu da fure dunƙulalle, kamar bagaruwa, su ne Vachellia. Masu lanƙwasasshiyar ƙaya kamar dakwara, Senegalia. Shi gawo tun tuni aka ware masa ɗakinsa."

"Shi Vachellia ɗin daga ina?"

"Sunan wani limamin coci ne Baturen Ingila, da ya tattara tsirrai a ƙasar Sin."

"Ya taɓa ganin bagaruwa kuwa?"

"Naja'atu, ni dai gyara na ce ki yi."

Don ya kwantar mini da hankali sai ya buɗe kabad ya ciro wata takarda mai kauri, an manna mata reshe busasshe. A ƙasan kusurwar akwai ɗan rubutu: sunan itacen, sunan wanda ya tsinko, garin da aka tsinko, da kwanan wata. Ya ce duk samfurin da ya yi kyau a aikina za a yi shi biyu, ɗaya ya zauna nan, ɗaya a aika babban ɗakin ajiyar tsirrai na wata jami'a. A can akwai takardun da suka haura shekara ɗari, wasu garuruwan da ke rubuce a jikinsu ma yanzu babu su, amma sunan yana nan. Ya ce sunan gida yana iya canzawa sau goma, wannan ɗan rubutu na kusurwa ba mai taɓa shi.

Da wannan magana na tafi wurin Baba, niyyata kawai in ba shi dariya.

Mahaifina Maitama majemi ne, ɗan majemi, jikan majemi. Garinmu Tungar Majema, cikin ƙasar Zurmi, gaba da Moriki kaɗan. Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka tashe mu, gari ya watse, kowa ya kama gabansa. Shi da Inna Azumi suna zaune a ɗaki biyu na haya bayan tashar jirgin ƙasa, da awaki biyu da kwatarniyar jima guda ɗaya da ya tsira da ita. Yanar ido ta fara rufe masa gani. Yakan jeme fatar akuya ɗaya ko biyu idan wani ya kawo, ba don komai ba sai don kada hannunsa ya manta, kuma kullum sai ya yi mitar bagaruwar kasuwa. A cewarsa akwai wata a bakin tafkin garinmu, guda uku ne jere, wadda babu irinta. Fatar da aka jeme da ita takan fito da haske da laushi, ba ta yin duhu. Masu sayar da bagaruwa a kasuwar Kaura har sun sa masa suna Baba Ta Tafki, da sun hango shi sai su fara, "Yau ma tamu ba ta yi ba ko?" Shi kuma ba ya gane tsokana ce, sai ya tsaya yana yi musu bayani.

Na same shi a zaure yana laluben igiya. Na ba shi labarin taron da aka yi, da yadda aka karɓe wa bagaruwa sunanta. Da na ce masa a wurin masana ita da wake da gyaɗa dangi ne, sai da ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "To su wa anka shawarta kahin a amshe sunan?"

"Hannu aka ɗaga, Baba, aka ƙirga."

"Awo. Mu ma hakanan munka ji, da sahe anka ce gari ba namu na ba." Ya koma kan igiyarsa. "Bagaruwa dai ba ta san an yi ba."

Sai na kawo zancen takarda mai ɗan rubutu a kusurwa. Nan dariyarsa ta tsaya. Ya ajiye igiyar ya juyo da fuskarsa inda yake jin muryata.

"Har sunan gari suka rubutawa?"

"Har shi."

"Shekara ɗari?"

"Haka Malam ya ce."

"To Naja, ki sa ta tafki. Ki rubuta Tungar Majema. In an zaka bayanmu a san an yi gari wurin, kuma a san ba ƙarya nika yi ba."

Tun da muka baro gida Baba bai taɓa roƙona komai ba, ko maganin ido sai na yi da gaske yake karɓa. Na ce masa to, da bakina, ba tare da na yi tunanin ta inda za a samo ta ba.

Malam Shamsuddeen bai yi mini gardama ba. Ya ce bagaruwa iri-iri ce, kuma da siffar kwanso ake raba su. Akwai mai kwanso kamar tasbaha, kowane ƙwaya da wuyansa. Akwai mai gefe kusan miƙaƙƙe. Akwai mai gashi-gashi a jiki, akwai sumul. Ta Baba tana iya zama ɗaya daga cikinsu, tana iya zama gauraye, ba za a sani ba sai an gani. Ya ce in kawo reshe mai ganye da ƙaya, da kwanso cikakke wanda bai karye ba. In babu wannan babu takarda, ƙa'idar aikin ke nan. Na rubuta a littafina har na ja layi biyu a ƙarƙashi. Abin da ban yi ba shi ne in gaya wa Baba. A ganina abu ne da kowa ya sani.

Mutum ɗaya ne ya rage da zai iya kusantar tafkin, Baffa Hammadu. Bafulatani ne, abokin Baba tun suna samari, shi ke kawo masa fatu shekara da shekaru. Bai tashi ba lokacin da muka tashi, yana ruga da 'yan shanunsa da gonarsa, yana zaman da shi kaɗai ya san wahalarsa. Mutanen daji suna zarginsa da kai labari gari, mutanen gari suna zarginsa da kai labari daji. Na kira shi a waya sau shida kafin ta shiga.

Ya ce, "Ɗiyata, bagaruwa? Duk abin da ke duniya, bagaruwa za ki aike ni?"

Na ce Baba ne ke so. Sai ya ce, "Maitama dai har yanzu bai bar zancen iccen nan ba. To, ɗiyanta sun nuna yanzu. In Allah ya ba ni hanya, ranar kasuwar Moriki zan ba direba."

Na ce ya haɗo da reshe. Ya ce ya ji.

Sati biyu babu labari. Ana cikin haka aka tura ni Shinkafi sa ido a jarrabawar gwaji ta wata makaranta, aikin kwana uku. Ranar da za mu dawo 'yan bindiga suka tare hanya wajen Badarawa, direbobi suka ajiye motoci, sabis ɗin waya kuma ya ɗauke. Kwana goma sha ɗaya na yi a gidan wata malama, ina wanke kaya kala biyu ina mayarwa. Ban san cewa washegarin tafiyata buhun Baffa Hammadu ya iso Kaura ba.

Da na dawo, tun daga bakin zaure na ji warin jima. Inna ta tare ni tana hamdala, tana shafa ni kamar wadda ta dawo daga lahira. Baba kuwa ko sannu da hanya bai bari na gama amsawa ba. Yana zaune ya sa babbar rigarsa ta Juma'a alhali ranar Talata ce, fuskar nan tasa kamar an yi masa albishir da Makka.

Ya ce, "Azumi, ɗauko mata."

Inna ta shiga ɗaki ta fito da abu naɗe a cikin zane, da ƙwarya a rufe da faifai. Baba ya warware zanen da kansa. Fatar akuya ce, jemammiya. Wallahi tun da nake ban taɓa ganin irinta ba, ko kuwa na gani ina yarinya ban san darajarta ba. Launinta kamar na madarar da aka ɗiga wa shayi, ka dunƙule ta a hannu ta koma kamar ƙyalle. Ya buɗe ƙwaryar, gari ne lukui, an tankaɗe shi har ba ka jin tsaki ko ɗaya.

"Ga ta tafki nan. Ki kai ma malaminku."

Na ce, "Ina sauran, Baba?"

"Wane saura?"

"Kwanson. 'Ya'yan da Baffa ya aiko."

"Ai su na wanga. Kwana biyu muna daka ni da uwarki. Na hidda ƙwayar duka, don ita ka ɓata hwata. Sau ukku anka tankaɗe."

"Duka kuka daka? Ko ɗaya ba ku bari ba?"

"To mi za a yi da wanda ba a daka ba?"

Na juya wurin Inna na tambaye ta reshen. Ta ce wani reshe mai ƙaya da aka cusa a bakin buhu? Ai tun ranar ta sa shi a murhu, wa ke ajiye ƙaya a tsakar gida ga mai ciwon ido yana yawo ba takalmi.

Ina da baki, kowa ya sani, kuma ranar na yi amfani da shi inda bai kamata ba. Na ce sun kashe ni. Na ce wata huɗu ina shan ƙaya, an sa bawan Allah ya sayar da ransa ya shiga daji, su kuma sun zauna sun mayar da abin gari kamar masu shirin kunu. Na ce wa ya ce su taɓa? Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Inna ta riƙe baki. Baba ya bar ni har na gaji don kaina.

Sannan ya ce, a hankali, "Naja, malamai za ki kai ma. In aika ma malamai abu ɗanye da ƙasa da ƙwari, kamar wanda bai san aikinai ba? Kuma da mi za su gane ta in ba a jiƙa ta ba? Bagaruwa ga hwata aka sanin ta. Ko ubana, in an kawo mai, ba ya duban kwanso. Dakawa yakai shi ɗanɗana, shi jeme, sannan shi ce wagga ta yi ko ba ta yi ba."

Gaskiyarsa ce. Shekara sittin yana aiki da itacen nan, bai taɓa buƙatar sanin ko kwansonta ya yi kama da tasbaha ba. Ya yi mini abin da ya fi iyawa a duniya, da idon da ba ya gani, ya sa rigar Juma'a yana jiran in yaba. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, amma ya naɗe fatar da kansa.

Duk da haka na kai wa Malam Shamsuddeen. Na shimfiɗa fatar a kan teburinsa, na ajiye ƙwaryar a gefe, na ba shi labari tun daga farko. Ya daɗe yana murza fatar tsakanin yatsunsa. Ya kira wani malami daga ofishin kusa ya nuna masa, shi ma ya yi ta salati. Har na fara sa rai.

Ya ce, "Mahaifinki gwani ne. Kuma ni na yarda akwai abin da ya gani a itacen nan."

"To a rubuta mana, Malam."

"A rubuta me? Me zan manna a takardar?"

Na ce a zuba garin a 'yar leda a manna. Na ce a yanki gefen fatar a haɗa. Na ce Baba zai iya kwatanta kwanson da baki, ni in zana. Kowace na kawo sai ya girgiza kai, ba da wulaƙanci ba, shi ma abin ya dame shi. Ya ce amfanin takardar shi ne wani ya zo bayan shekara hamsin ya duba da idonsa ya ce e, wannan ce, ko a'a, an yi kuskure. Gari kuwa duk na bagaruwa kama ɗaya ne. Idan ya aika da shi haka, can za su ajiye shi gefe, ba zai shiga kabad ba. Mun tankaɗe garin a kan farar takarda ko za a dace da ɓallin kwanso ko guda. Baba ya iya aiki, babu ko ɗaya.

Ya ce, "A sake aikowa mana. Ai itacen yana nan."

Na fito ina kiran Baffa Hammadu tun daga bakin ofis. A kashe. Na kira da la'asar, na kira washegari, na kira kullum har sati uku. Daga ƙarshe na je tasha na nemo direban Moriki da ya kawo buhun, wani mai suna Amadu. Da na ambaci sunan Baffa sai ya ja ni gefe. Ya ce an ga tsohon yana fitowa daga wajen tsohuwar Tunga da buhu a bayan babur. Mutanen daji suka ce me ya je ɗauka, wa ya aike shi. 'Yan sintiri na gari kuma suka ce me ya kai musu ya dawo da tukuici. Ya rantse bagaruwa ce, ba wanda ya yarda, don wane mai hankali ne zai shiga wurin nan saboda bagaruwa. Kwana huɗu bayan haka ya kwashe iyalinsa da abin da ya rage na shanu, an ce sun haura Nijar. Yanzu ko tsuntsu ba ya bin hanyar.

Na tsaya a tashar nan rana tana dukana, na rasa inda zan sa kaina. Ni na kira shi sau shida. Mutumin da ya jure shekara uku a rugarsa, buhun bagaruwata ne ya tashe shi.

Ban ɓoye wa Baba ba, don ko na ɓoye zai ji a masallaci. Na gaya masa zancen Baffa, na gaya masa abin da Malam ya ce. Ya yi ta maimaita innalillahi. Kwana biyu bai ci abin kirki ba. Bai sake zuwa kasuwa wurin masu bagaruwa ba, har ɗaya daga cikinsu ya aiko yana tambaya ko Baba Ta Tafki lafiya. Na gyara wurare arba'in da ɗaya ɗin nan, na rubuta Vachellia a inda ya kamata, Senegalia a inda ya kamata. Takarda goma sha tara na manna, kowace da rubutunta a kusurwa: bayan tasha, hanyar Gusau, gefen makabarta. Na miƙa aikin, aka ce ya yi kyau. Ban ji daɗin komai ba.

Ruwa ya sauka a farkon watan shida. Bayan kamar kwana goma Inna ta aiko a kira ni, wai in zo in ga abu. Ta kai ni bayan ɗaki inda take ɗaure awakinta. A gefen turken, cikin taki, wasu 'yan tsirrai ne suka fito, ganyensu ƙanana kamar gashin tsuntsu. Ban buƙaci littafi ba, bagaruwa ce.

Inna ta ce, "Nan niz zuba ƙwayar da ubanki yah hidda. Awaki sunka ci wasu, wasu sunka shige ƙasa."

Murna ta kama ni. Na tsuguna ina ƙirgawa, goma sha bakwai. Sai wani tunani ya zo mini.

"Inna, ƙwayar ta kasuwa fa? Wadda yake jima da ita da can, ina kike zubawa?"

"Nan dai. Ina ni da wani wuri?"

Na zauna daɓas a kan taki. Goma sha bakwai, wasu na tafki, wasu na kasuwa, ko duk na tafki, ko babu ko ɗaya. Na ɗauki hoto na kai wa Malam Shamsuddeen. Ya ce a wannan girman ko wanda ya rubuta littafin ba zai raba su ba, sai sun yi 'ya'ya. Na tambaye shi yaushe. Ya ce in an kula da su, shekara biyar ko shida. Ya ƙara da cewa ko sun yi, sai an sami wanda zai tabbatar wacce ce ta tafkin kafin a rubuta asalinta.

Gidan haya ne, mai gidan ba zai bari itacen ƙaya ya girma a bayan ɗakinsa ba. Na tsinto ledojin ruwa na yanke bakinsu, na cika da ƙasa, na cire tsirran ɗaya bayan ɗaya na dasa. Uku sun mutu a hannuna. Na jera sha huɗun a gindin katanga inda awaki ba sa kaiwa, na kamo hannun Baba na kawo shi. Lokacin idon dama ya rufe gaba ɗaya, na hagu kuma haske kawai yake rabewa da duhu.

Ya tsuguna da ƙyar. Ya bi su da yatsa ɗaya-ɗaya, yana shafa ganyen, yana taɓa 'yar ƙayar da ko tauri ba ta yi ba. Wani ya murza ya kai hanci. Ya kai ƙarshen layi ya sake dawowa farko. Ni kuwa na zuba masa ido, don a raina Baba ba ya rasa sanin bagaruwa.

Na ce, "Wacce ce tamu?"

Ya ce, "Ban sani ba."

Ban taɓa jin wannan kalma daga bakinsa a kan itacen nan ba.

"Sai sun yi ɗiya. Shekara nawa malamin naku yac ce?"

"Biyar ko shida."

Na ga leɓensa yana motsi, na san lissafin da yake yi, don ni ma na yi shi tun a ofishin Malam. Shekararsa saba'in da takwas, ga hawan jini, ga tarin da ya ƙi tafiya tun bara.

Can ya ce, "Azumi, kawo ƙwaryar nan. Ki haɗo da ta kasuwa, tana cikin tsumma bisa taga."

Inna ta kawo. Ya sa na zauna a gabansa a kan tabarma kamar mai ɗaukar karatu. Ya laluba ya ɗebo garin kasuwa da yatsa biyu.

"Buɗe baki."

Na buɗe, ya zuba mini a harshe. Bauri ya kama mini baki har cikin haƙora. Ya ce in riƙe, kada in haɗiye, in ji inda take kamawa. Sannan ya sa na kurkure da ruwa, muka jira. Ya ɗebo na ƙwaryar, ɗan kaɗan, yana tattalinsa.

"Wagga ita ta tamu. Ki lura. Ta kasuwa gaba ɗaya taka kamawa, kamar mai hushi. Tamu sai ta ɗan jima, kuma can baya akwai wani zaƙi-zaƙi. In sun yi ɗiya ba ni nan, ki daka na kowace daban, ki ɗanɗana. Wadda kij ji hakanga, ita ta. Sai ki kai musu da kwansonta yadda suka so, ki rubuta sunan garin."

Ya zuba mini. Na rufe ido. Na riƙe shi a harshe, na juya shi, na jira zaƙin da ya ce. Na jira har yawu ya cika mini baki, har hawaye ya fara zubo mini. Na roƙi Allah a zuciyata ya sa in ji ko da ɗan bambanci ne.

"Kin jiya?" Ya matso da fuskarsa kusa da tawa, yana murmushi.

Na ce a ƙara mini. Ya ƙara. Na sake kurkurewa na koma ta kasuwa, na dawo tamu. Inna tana tsaye da butar ruwa tana kallona, ita ta riga ta gane.

"Naja, kin ji bambancin?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Ya yi hamdala, ya rufe ƙwaryar da faifai ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce in adana ta inda danshi ba ya kaiwa. Na karɓa. Bauri kawai na ji, duka biyun, irin na kowace bagaruwa.